Kawa: Tambayoyin da Zazzagawa Ke Yawan Yi Kan Cinta, Lokacinta da Haɗarinta

Zariya ba garin teku ba ne. Daga Kwangila zuwa bakin ruwan Legas ko Fatakwal tafiyar sama da kilomita 800 ce. Duk da haka maganar kawa tana yawan tasowa: daga yaranmu da aka tura bautar ƙasa Ribas da Bayelsa, daga malaman jami'a masu fita taro ko ƙaro karatu Turai, daga 'yan kasuwa masu zuwa ƙasar Sin, da kuma waɗanda suka ga wani a TikTok ya buɗe ɓawo ya kurɓe abin da ke ciki ɗanye, har da lumshe ido. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa.

Wai mece ce kawa? Kifi ce ko dangin dodon koɗi?

Ba kifi ba ce. Halitta ce mai laushin jiki da ke zaune tsakanin ɓawo biyu, ɗaya mai zurfi, ɗaya shimfiɗaɗɗe, kuma dangantakarta ta fi kusa da dodon koɗi da ƙumba. Tana ƙarama takan yi yawo a ruwa mako biyu zuwa uku, sannan ta sami dutse ko saiwar itace ko ɓawon wata kawar ta manne. Daga ranar ta daina tafiya har ta mutu.

Tunda ba ta iya neman abinci, ruwa take zuƙa ta tace, ta riƙe ƙananan tsirran da ido ba ya gani. Babbar kawa guda, idan yanayi ya yi mata daidai, tana iya tace kusan lita 190 a yini. A riƙe wannan, domin kusan duk amsoshin da ke tafe a kansa suka dogara: abin da ke cikin ruwan da ta zauna, mai kyau da marar kyau, yana taruwa a jikinta.

Akwai ta a Najeriya? Akwai ta a rafukanmu na nan?

Akwai ta da yawa a kudu. A mashigan ruwan Neja Delta, da Kalaba, da tafkin Legas, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku, akwai dazukan itacen mangurof masu saiwoyi tsaye a waje kamar an kafa su cikin laka. A jikin saiwoyin nan kawa ke mannewa cunkus. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin irin wannan daji, kuma galibi mata ne ke shiga da kwalekwale idan teku ya janye su ɓamɓaro ta. A can ba abincin ƙawa ba ne, abin miya ne.

A manyan koguna irin su Neja da Bolta da Nilu kuma akwai wata iri ta ruwan daɗi, wadda ke mannewa a duwatsun da ruwa ke gudu da ƙarfi. Masunta kan ɗebe ta da rani in ruwa ya ja, su dafa ko su ƙyafe, ɓawon kuma a ƙone a sami farar ƙasa. Kama ce kawai ta haɗa ta da ta teku, asalinsu daban.

Game da ruwan da ke kewaye da mu, shawarar gajeriya ce. Kubanni yana ratsa unguwanni yana kwasar ruwan kwata kafin ya faɗa Galma, ga kuma takin zamani da maganin feshi daga gonakin fadama. Duk wata ƙumba da yara suka tono a lakar irin wannan wuri ba abin ci ba ce, balle ɗanya. Shiga ruwan kansa ma akwai tsoron tsargiya.

Malam, ya halatta Musulmi ya ci?

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kuma ba ya buƙatar yanka. Hujja ita ce aya ta 96 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa inda Annabi (SAW) ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Shafi'iyya da Hambaliyya ma sun halatta kawa. Hanafiyya kifi kaɗai suka yarda da shi, shi ya sa za ka ga abokin karatunka ɗan Pakistan ko Turkiyya ya janye hannu. A fiƙihun Ja'afariyya kuma kifi mai ɓawo a fatarsa da jatan lande ne suka halatta, kawa ba ta ciki. Kowa ya koma wa malaminsa.

Sai dai halaccin abu daban, lafiyarsa ga jikinka daban. Shari'a ta hana mutum cutar da kansa, don haka wanda sunansa ya fito a amsar "su wa ya kamata su guje ta" ya karanta ta da kyau. Abu na biyu, a gidajen cin abinci na Turai akan dafa irin waɗannan da giya, ko a zuba ta cikin ruwan tsamin da ake ajiyewa a gefe. A tambaya kafin a sa baki.

Da gaske da ranta ake cinta? Yaya ɗanɗanonta yake?

Da gaske ne. Wadda za a ci ɗanya dole ta kasance da rai har lokacin da wuƙa ta shiga, domin da ta mutu take fara lalacewa. Za a kawo maka ita a kan ƙanƙara, an cire ɓawon sama, naman yana kwance cikin ɗan ruwansa, ruwan toka-toka mai sheƙi. Kada ka zubar da ruwan nan, rabin daɗin yana ciki. Ka ɗaga ɓawon zuwa baki, ka kurɓa, ka tauna sau biyu ko uku. Masu haɗiyewa gaba ɗaya kuɗinsu kawai suka ɓatar.

Gishiri ne ke fara bugun harshe, sai ɗan zaƙi ya biyo baya, wani lokaci da ƙamshi mai kama da na kokwamba. Santsinta ne ke korar yawancin mutanenmu, ko da yake wanda ya tashi da miyar kuɓewa ɗanya bai kamata ya tsorata da yauƙi ba. Ɗanɗanon yakan bambanta daga wannan mashigi zuwa wancan ko da iri ɗaya ne, gwargwadon gishirin ruwan da abin da ta ci.

To me ya sa ake ta gargaɗi a kan ɗanyar?

Saboda tacewar da aka ambata a amsar farko, kuma saboda ana cinta har da kayan cikinta. Haɗarin kashi uku ne. Na farko, ƙwayoyin cutar da ke zuwa daga bayan gidan mutane idan ya malala cikin ruwa: taifot, ciwon hanta nau'in A, da ƙwayar noro mai sa amai da gudawa. Tarihi ya shaida wannan. A Amurka, tsakanin 1924 da 1925, kawar da aka ɗebo daga gurɓataccen ruwa ta sa wa mutum kusan 1,500 taifot, kimanin 150 suka mutu, abin da ya sa aka kafa dokar sa ido kan ruwan da ake kiwonta. A Shanghai a 1988, kusan mutum 300,000 suka kamu da ciwon hanta nau'in A bayan cin wani ɗan'uwan kawa da bai dahu ba.

Na biyu ya fi wuyar sha'ani, domin ba ruwansa da ƙazanta. Akwai dangin bakteriya da ake kira Vibrio, 'yan gida ɗaya da mai haddasa kwalara, waɗanda ruwan gishiri mai ɗumi shi ne mazauninsu na asali. Mafi muni a cikinsu, Vibrio vulnificus, idan ya shiga jini yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka kamu ba sa tashi. Kawar da ke ɗauke da shi ba ta wari, ba ta canza launi, ɗanɗanonta lafiya lau. Mai cewa "ai na duba, sabuwa ce fes" kallon kitse yake wa rogo.

Na uku shi ne dafin wasu ƙananan tsirran ruwa da kan yi ambaliya lokaci-lokaci har ruwa ya sauya launi. Wannan dafin wuta ba ta kashe shi. Kariyarsa ɗaya ce: sanin ruwan da aka ɗebo ta.

Lemun tsami da yaji ba sa kashe ƙwayoyin?

Ba sa kashewa. Ko ka matse lemun tsami goma, ko ka zuba yajin da ya fi na mai tsire zafi, ɗanɗano kawai ka gyara. Sanya ta a firiza ma bai isa ba. Zafin wuta ne kaɗai ke aikin, kuma an faɗi mintocinsa a amsar dafuwa.

Ina da juna biyu, mijina kuma yana da ciwon suga. Su wa ya kamata su guje ta?

Hajiya, ku biyun duka kada ku ci ɗanya. Dafaffiya sosai ba laifi. Haka nan masu ciwon hanta kowane iri, masu ciwon ƙoda, masu cutar daji, masu ɗauke da ƙanjamau, masu shan maganin rage garkuwar jiki, tsofaffi, da ƙananan yara. Masu shan maganin olsa na rage tsamin ciki su ma suna ciki, domin tsamin nan shi ne shingen farko da ke kashe ƙwayoyi.

Rukuni biyu sun fi shafar mu. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Najeriya, kuma da yawa suna yawo da shi shekaru ba su sani ba. Saurayi na ganin kansa garau, ya je taro ƙasar waje ya ci ɗanyar kawa, alhali hantarsa ta riga ta raunana. Wanda bai taɓa gwaji ba ya ɗauki kansa cikin masu haɗari har sai ya yi. Na biyu, masu sikila da ake yawan ƙara wa jini. Ƙarin jini kan tara sinadarin ƙarfe a jiki, shi kuwa Vibrio vulnificus a jinin da ƙarfe ya yi yawa ya fi saurin haɓaka.

Wanda kuma jatan lande ko kaguwa ke sa masa borin jini ko kumburin baki ya nemi shawarar likita tukuna, ɗanya ce ko dafaffiya. Wannan ya haɗa da miyar kawa ta kwalba da ake sa wa soyayyiyar shinkafa irin ta Sinawa, don akasarinta akwai ruwan kawa na gaske a ciki.

Amma Turawa suna ci ɗanya kullum, me ya sa ba abin da ke samunsu?

Yana samunsu, kowace shekara akan janye kaya daga kasuwa a rufe wasu mashigai. Abin da ya rage musu haɗarin tsari ne, ba ƙarfin ciki ba. A Tarayyar Turai an kasa wuraren kiwo aji uku, A da B da C, bisa yawan bakteriyar bayan gida da aka auna a naman. Ta ajin A kaɗai ake kai wa kasuwa kai tsaye. Ta ajin B sai an tsare ta cikin tankin tsabtataccen ruwan gishiri ta amayar da abin da ke cikinta, ko a mayar da ita wani ruwa mai tsabta. Kowane kwando na da takarda mai nuna inda ta fito da ranar da aka ɗaure, kuma tana cikin sanyi daga bakin ruwa har faranti. Faransa, wadda ta fi kowa nomanta a Turai, haka take yi a wurare irin su Marennes-Oléron da Arcachon. Da duk wannan, tsarewar tanki ba ta fitar da ƙwayar noro gaba ɗaya.

Matan Neja Delta da na Gambiya da na Senegal, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, dafa ta suke yi ko su ƙyafe. A ganina wannan ba ƙauyanci ba ne, sanin ruwansu ne. Wanda ya je Fatakwal ya ce sai ya ci irin cin Faransawa ya ɗauko al'adar ya baro tsarin da ke riƙe da ita.

Na karanta cewa a watannin da sunansu ke da harafin "r" kawai ake cinta. Haka ne?

Tsohuwar ƙa'idar Ingila da Faransa ce, ta ɗaruruwan shekaru. A harsunansu watannin Mayu, Yuni, Yuli da Agusta ba su da wannan harafi, kuma su ne watannin zafinsu. Dalilan biyu ne. Kafin zuwan firij kawa ba ta jure tafiya a zafi. Sannan a lokacin take hayayyafa, namanta ya yi laushi ya cika da wani farin ruwa, daɗin ya ragu, barinta kuma yana ba ta damar barin iri. Yanzu ma a can ƙa'idar ta yi rauni, tunda akwai sanyi ko'ina, an kuma samar da irin da ba ta haihuwa, wadda ake sayarwa duk shekara.

A wurinmu ba ta da amfani ko kaɗan. Tekun da ke kudancin Najeriya ɗumi gare shi daga Janairu zuwa Disamba, ba ya yin sanyin da zai kwantar da Vibrio. Hunturun da ke fasa mana leɓe a Samaru bai sanyaya ruwan Bonny da ke Ribas ba. Wato babu watan da ɗanyar kawar kudu ta zama amintacciya.

To yaushe ne lokacinta a Afirka ta Yamma?

Rani. Abin da ke juya rayuwarta a nan gishiri ne, ba sanyi ba. Da damina koguna kan cika su tura ruwan daɗi cikin mashigai, gishiri ya yi ƙasa, kawa ta rame, a wasu wuraren kamar tafkin Legas ma ta mutu da yawa. Ruwan saman kuma shi ke wanko ƙazantar gari zuwa inda take. In rani ya yi, gishiri ya dawo, sai ta yi ƙiba.

Gambiya ce misalin da ya fi fitowa fili. A dausayin Tanbi da ke gefen Banjul, matan da ke wannan sana'a sun haɗu a ƙungiyar TRY, wadda Fatou Janha Mboob ta kafa a 2007. A 2012 gwamnati ta ba su ikon kula da ɗibar kawa a yankin su kaɗai. Suka amince a riƙa ɗiba wata huɗu, Maris zuwa Yuni, a rufe wata takwas. Abin da ya biyo baya shi ne kawa ta ƙara girma, kuɗinta ya ƙaru. A Ghana ma masu ɗiba a mashigin Densu kusa da Accra suna rufewa watanni a kowace shekara.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar biki, Sarkin Ruwa na tsaye a kai, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka. A kasuwar Tudun Wada ma kowa ya san kalandar bakinsa: mangwaro da bazara, shinge da ruwan farko, tafasa da ɗanyar masara da damina, gurjiya da sabuwar gyaɗa da kaka, rake da fara in sanyi ya shigo. Wanda ya ga abu a kasuwa ba a lokacinsa ba yakan tambayi daga ina. Tambayar da za a yi wa mai kawa ke nan.

An tura ni bautar ƙasa wani ƙauyen Ribas. Zan iya shiga ruwa in ɗebo da kaina?

Kada ka shiga kai kaɗai, kuma kada ka shiga ba da izini ba. Mashigan nan suna da masu su, kowane gari ya san iyakarsa, wasu wuraren ma an hana taɓa su bisa al'ada. Ka nemi dattijuwar da ke sana'ar, ka gaishe ta yadda ya kamata, ka roƙi ta tafi da kai. Ita ta san lokacin janyewar ruwa. Teku na cikowa sau biyu a yini, yana kuma dawowa da sauri fiye da yadda ɗan tudu ke zato, ga lakar da ke riƙe ƙafa har gwiwa. In ba ka iya iyo ba, ka tsaya cikin kwalekwale da rigar ruwa.

Ɓawon kawa kaifi gare shi kamar reza. A sa takalmin roba da safar hannu mai kauri. Wanda ke da buɗaɗɗen rauni kada ya shiga, domin Vibrio da aka yi bayani a sama yana shiga ta ciwo ma, ba sai ta baki ba. In ka yanke, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, in wurin ya kumbura ya yi ja da zafi ka nufi asibiti a ranar. Wajen ɗiba, a ɓamɓare manya da wuƙa a bar ƙanana, kada a sare saiwar gaba ɗaya don sauri. Saiwar da aka sare ba za ta sake ɗaukar kawa baɗi ba, dajin kuma dama yana fama da masu itacen girki da wata kwakwar ruwa mai suna nipa da aka shigo da ita Kalaba a 1906, wadda ke cinye masa wuri.

Sai maganar mai. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda ɗanyen mai ya lalata dazukan mangurof da mashigai, ya ce gyaran na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Duk inda ka ga ruwa na ƙyalli da maiƙo, ko saiwoyi sun yi baƙi, ko akwai masai a kan ruwa, ko wurin na kusa da tashar jirage, ka bar kawar wurin. Dafuwa ba ta cire mai.

Zan iya sa a aiko min da ɗanya Zariya a mota?

Kana iyawa, amma ban ba ka shawara ba. Kawa mai rai tana son sanyin firij, wajen digiri 4 zuwa 5, ba yankewa. Motar da ta taso daga Fatakwal za ta kwana a hanya, kular na ƙarƙashin kaya, ƙanƙarar ta narke tun kafin Lokoja. Ruwan ƙanƙarar kuma kashe ta yake yi, tunda ba na gishiri ba ne. In ta iso, ga ɗaukewar wuta na jira. Zuwa da kai ya fi aike: in kana marmarin sabuwa, ka bari sai ka je bakin ruwan.

Abin da ke jure hanya shi ne ƙyafaffiya ko busasshiya, sai ta gwangwani. A tambayi masu sayar da kayan miyar kudu a kasuwar Sabon Gari, wajen masu busasshen jatan lande da bandar kifi, in babu a hannu wasu kan yi oda. A duba kada ta yi fumfuna ko danshi, a jiƙa ta a ruwan zafi, a wanke yashi, sannan a dafa ta cikin miya kamar yadda ake yi wa banda.

Idan na same ta sabuwa, yaya zan gane mai rai, in ajiye, in dafa?

Mai rai a rufe take gam, tana da nauyi a hannu saboda ruwan ciki. In ka ga ta ɗan buɗe, ƙwanƙwasa ta. Ta rufe, da ranta, ba ta motsa ba, a yar. Mai fasasshen ɓawo ko mai wari ita ma a yar. Wajen ajiya a jera su ɓawo mai zurfi a ƙasa, a rufa tsumma mai danshi, a sa a firij. Kada a nutsa su a ruwa, kada a ƙulle su a leda, numfashi suke yi. A wanke bayan da buroshi kafin a buɗe. In za a buɗe ɗanya, a naɗe hannu da tawul, a sa gajeriyar wuƙa mai kauri ta wajen mahaɗar da ɓawon biyu suke manne, a murɗa, a bi ta saman ciki a yanke jijiyar da ke riƙe shi. Wuƙar yanka albasa ba ta wannan aiki, hannu za ta ci.

Dafuwa ta fi sauƙi, don wuta ce ke buɗe maka. In tafasawa ne cikin ɓawo, a jira su buɗe sannan a ƙara minti 3 zuwa 5. In turarawa ne, minti 4 zuwa 9 cikin tukunyar da ta riga ta ɗauki tururi. Wadda ta ƙi buɗewa a zubar, kuma kada a cika tukunya har na tsakiya su kasa samun wuta. Naman da aka riga aka cire, a tafasa aƙalla minti 3, ko a soya minti 3 a mai mai zafi sosai. A raba wuƙa da faranti na ɗanya da na dafaffiya.

Tana shiga farfesu da kyau, da citta da masoro da attarugu, amma a sa ta daga ƙarshe, in ta wuce lokaci takan ƙanƙance ta yi tauri. A rage gishiri da dunƙule, da nata take zuwa. Gashi a kan garwashi ma yana daɗi: a ɗora ɓawo mai zurfi a ƙasa, in ta buɗe a ɗiga man shanu da tafarnuwa, a bar ta ta tafasa cikin ruwanta sosai.

Gaskiya ne tana ƙara wa namiji ƙarfi?

Wannan ce tambayar da ake yi a asirce bayan an gama sauran. Tushen maganar sinadarin zinki ne. Kawa na cikin abincin da ya fi kowane yawansa: giram 85 na iya ɗaukar kusan miligiram 30, alhali namiji na buƙatar 11 a yini, mace 8. Jiki na amfani da zinki wajen garkuwa da warkar da rauni da samar da maniyyi, don haka wanda ke da ƙarancinsa zai amfana. Wanda ba shi da ƙaranci, ƙari ba ya ƙara masa komai, kuma ba a tabbatar da cewa faranti guda na tayar da sha'awa ba. Yawansa ma illa ne, iyakar da aka sa wa babba miligiram 40 ce a yini. Naman sa, hanta, agushi, riɗi da wake duk suna da zinki, kuma suna nan a kasuwar Samaru.

Na ci, yanzu jikina ba daɗi. Me zan yi?

Ya danganta da alamar. Amai da gudawa da murɗar ciki cikin kwana ɗaya ko biyu, a fara da ruwan gishiri da sukari, a je asibiti in akwai jini, ko ya wuce kwana biyu, ko mutum ya kasa riƙe ruwa. Zazzaɓi da rawar sanyi tare da kumburi ko bororo a ƙafa, musamman ga waɗanda aka lissafa a amsar masu haɗari, wannan na gaggawa ne, ba a jira gari ya waye. Haka nan jin leɓe ko harshe ya mutu, ko numfashi na wuya, jim kaɗan bayan ci. Ciwon hanta nau'in A kuwa yakan ɗauki kwana 15 zuwa 50 kafin ido ya yi rawaya, lokacin mutum ya dawo gida har ya manta.

Ka gaya wa likita da bakinka cewa ka ci ɗanyen abincin teku, da ranar, da garin. A Zariya duk wanda ya zo da zazzaɓi, maleriya da taifot ake fara tunani, kuma da gaskiyarsu, su ne suka fi yawa. In ba ka faɗa ba, ba wanda zai kawo kawa a ransa.

Ɓawon fa, yana da amfani? Ana samun lu'ulu'u a ciki?

Lu'ulu'un ado daga wani dangi daban yake fitowa, wanda ake kiwo musamman don haka. Wadda ake ci takan yi ɗan tsakuwa fari jefi-jefi, marar sheƙi, ba mai sayensa.

Ɓawon kuwa ya riga naman zuwa Zariya da daɗewa. Duk mai kiwon kajin ƙwai da ke haɗa abinci da kansa ya san buhunsa a shagon masu kayan abincin kaji, kusa da garin ƙashi da dusa: fari-fari, an farfasa shi, yana ƙara in an zuba a mudu. Kusan dukkansa sinadarin alli ne, kaza mai ƙwai kuma na buƙatar wajen giram 4 na kalsiyam a yini. Idan ƙwai ya fara zuwa da ɓawo mai laushi ko yana fashewa a kiret, nan ake fara dubawa. Mai ɗan girma ya fi niƙaƙƙe lilis, domin yana daɗewa a ƙundu yana narkewa a hankali har cikin dare, lokacin da kaza ke gina ɓawon ƙwan gobe. A saya busasshe marar wari, in da danshi a shanya shi a rana sosai kafin a haɗa. 'Yan tsaki da kajin nama ba a ba su da yawa irin na masu ƙwai, yana taɓa musu ƙoda.